Barewar da Ta Mutu Kafin Wuƙata Ta Isa

A shekarata ta uku a London bakina ya jawo mini abin da ya kusa sa a harbe ni. Amma sai na faɗi yadda na kai ga shagon da na yi ƙaryar tukuna.

Karatun safiyo ne ya kawo ni daga Ningi. Ban cika shekara ba tallafin gwamnatin jiharmu ya daina zuwa, makaranta ta nuna mini ƙofa cikin ladabi irin nasu. Na fara raɓewa a Old Kent Road, wurin wani ɗan ƙasarmu da ya miƙo mini makullin flat ya ce in ɗauka gidana ne. Sati biyu sai ga ma'aikatan ƙaramar hukuma tare da mai ɗakin na gaskiya, ashe shi ma wanda ya ba ni ba nasa ba ne. Daga nan na koma Abbey Wood, falon wani likita ɗan Zariya, mutumin kirki. Wata huɗu ina naɗe bargo kafin 'ya'yansa su tashi. Matarsa ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba, amma ranar da na ji autarsu ta tambaye ta da Turanci yaushe kawun nan zai tafi gidansu, na san zama ya ƙare.

Haka na faɗa Tottenham, hannun Alhaji Mumuni. Mahauci ne ɗan zangon Kumasi, gajere kakkaura, in yana magana sai ka ce da wani a hayin kogi yake yi. A Hausarsa mace da namiji duk ɗaya ne, har matarsa "shi" yake ce mata. Ya ba ni aikin sara nama da wanke katako, ya kuma ba ni ɗaki a saman shago, ɗan ƙarami, mai hita. Na san abin da ake nufi da kwana a tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har a zo a kore ka, don haka ɗakin nan ya fi mini komai a duniya a lokacin.

Alhaji yana da kyauta, yana da wasa, amma ba ya yafe ƙarya. Wanda na gada a aikin ya taɓa shigo da kajin da bai san wanda ya yanka su ba, ya rantse Musulmi ne. Da asiri ya tonu, Alhaji ya watso masa jakarsa kan titi ana ruwa. Ni na kwashe sauran takalmansa daga ƙarƙashin gado.

To, ga tawa ƙaryar. Babana Sarkin Baka ne, wannan gaskiya ne. Sai dai ni ne ɗan da aka ware wa boko. Yayyena su ke bin sa daji, ni iyakacina in riƙe ƙafa in ana fiɗa. Ban taɓa harba bindiga ba, ko ta toka. Amma ranar Asabar, in mutanen Ghana suka cika shago suna tsokanar 'yan Nijeriya, sai in ɗauko labaran yayyena in sa sunana a kai. Na kashe gada, na kashe gwanki, har kura na taɓa kora da hannu a shagon nan. Suka sa mini suna Maharbi, ni kuwa ina amsawa da faɗin kai.

Hajiya Fati, matar Alhaji, ta yi ɓari sau huɗu a shekara goma sha shida na aurensu. A hunturun nan tana da ciki wata bakwai, kowa a gidan yana tafiya a hankali kamar ƙasa za ta fashe. Wata safiya Alhaji ya shigo bai yi sallamar da ya saba ba.

"Maharbi, Hajiya bai ci abinci ba kwana biyu."

"Subhanallahi. Ko a kai ta asibiti, Alhaji?"

"Mun je, an yi checking, sun ce lafiya. Naman daji yake so. Barewa. Na dafa mishi rago da kaina, ya ji warin ya yi amai." Ya share fuska da hula. "A Kumasi, mai ciki ya ce yana son abu, ana nemo shi. Ni ba zan yi wasa da wannan ciki ba."

Akwai wani tsohon Bature, Derek, da ke zuwa duk ranar Talata karɓar ƙasusuwa don karnukansa. Shi ke kula da dajin wani attajiri a Essex, can gaba da Epping. Aikinsa ne ya rage yawan barewa kowane hunturu, kuma a dokarsu daga ƙarshen Fabrairu ba a sake harbin mata sai wani hunturun. Saura kwana biyu a rufe. Da Derek ya ji zancen Hajiya, ya ce zai kawo wa Alhaji ɗaya kyauta.

"A'a," in ji Alhaji, ya juyo gare ni. "Wanda Bature ya harbe ya mutu, mushe ne. Sai Musulmi ya same shi da rai ya sa mishi wuƙa. Allah ya taimake ni ina da maharbi a gida."

Ya zaro wuƙarsa ta kansa, wadda ba ya barin kowa ya taɓa, ya wasa ta, ya naɗe a tsumma ya miƙo mini.

"Na gaya ma Hajiya jibi zai ci. Kar ka dawo mini da labari."

Na karɓa da hannu biyu, na ce in Allah ya yarda. Na lallashi kaina da cewa ai yanka kawai zan yi, wannan kuwa na iya.

Ranar ƙarshe ta wata, bayan sallar asuba, Derek ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa mai warin kare. Ya kasa faɗin sunana Haladu, sai ya mai da ni Harry. Ya dubi takalmina na zuwa masallaci ya girgiza kai, ya jawo mini takalmin roba da safa mai kauri daga bayan mota. A hanya bai yi hira ba. Doka ɗaya ya ba ni, ya maimaita ta sau uku.

"Harry, in na harba, ba ka motsi sai na ce ka tashi. Ka ji?"

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji.

Na zaci na san sanyi sai da na sauka a dajin nan. Dusar ƙanƙara ta kwana uku ta daskare, in ka taka sai ta yi ƙara kamar ana tauna ƙanzo. Bishiyoyi tsirara, ba ganye ko ɗaya, ba kukan tsuntsu. Iska ta bi ta kunnena ta sauka har haƙori. Muka yi tafiyar kusan rabin awa, shi a gaba, yana ɗaga ƙafa a hankali, ni ina sa tawa inda ya cire tasa. A bakin wani fili ya yi mini alama, muka kwanta rub da ciki a bayan shinge. Sanyin ƙasa ya ratsa rigata uku kamar ban sa komai ba.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Gari ya fara haske, sai na ga abu ya motsa a ƙarshen filin. Biyu ne, masu duhun gashi, kowacce ta ninka barewar da na sani girma. Suna tona ƙanƙara da ƙafa suna neman ciyawa. Derek ya kwantar da kunci a kan bindiga. Na warware tsumman wuƙa a ƙarƙashin ƙirjina.

Ƙarar ta tsaga dajin. Ta farkon ta yi tsalle, ta yi taku huɗu, ta kife.

A gidanmu, da an ji ƙarar bindiga mai wuƙa yake rugawa, don rai ba ya jiran kowa. Abin da na taso ina gani ke nan, shi ne kaɗai abin da na sani na farauta. Ban yi shawara da kaina ba. Sai kawai na tsinci kaina na tsallake shinge ina gudu a fili da wuƙa a hannu, ina bismillah da ƙarfi.

Abin da ban sani ba, ta biyun ba ta gudu ba. Ta tsaya cak tana kallon 'yar'uwarta, kuma Derek ya riga ya sa wani harsashi ya ɗora ta a madubin saitin bindiga. Yatsansa yana kan kunama lokacin da bayana ya cika masa ido. Ya fizge bakin bindigar sama. Na ji ƙara ta biyu, na ji wani abu ya wuce saman kaina da shewa, reshe ya karye a gabana ya zubo da ƙanƙara.

Ko a nan ban tsaya ba. Na faɗa kan barewar da gwiwa, na kama kunnenta na juya wuyan. Jikinta da ɗumi, tururi yana tashi daga inda harsashi ya shiga, daidai bayan kafaɗa. Na taɓa idonta da yatsa. Bai ƙifta ba. Na ja ƙafa, na murɗa wutsiya, na sa kunne a hancinta. Babu komai. Mutumin ya iya aikinsa ƙwarai, a zuciya ya same ta, ta mutu tun ina kan shinge.

Sai ji na yi an cakumi wuyan rigata an ɗaga ni. Fuskar Derek ta yi fari fat. Ya zazzage ni da kalmomin da ba zan rubuta ba.

"Shekara arba'in ina riƙe da bindiga! Saura kaɗan in kashe mutum saboda kai! Me na ce maka? Me na ce maka a mota?"

Sai a lokacin na gane abin da ya faru. Na zauna daɓas a ƙanƙara. Ya juya mini baya, ya yi ta ƙoƙarin kunna taba, ashana tana faɗuwa daga hannunsa. Da ya samu ta kama, ya zuƙa sau biyu, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Gudun me kake yi?"

Na yi masa bayani da guntun Turancina da haƙora masu kaɗawa. Na ce in ban same ta da rai ba, ba za mu iya ci ba. Na gaya masa zancen Hajiya da cikinta, da ɓarin da ta yi ta yi, da abin da Alhaji ya yi wa wanda na gada.

"Wato in na harba da kyau, ta ɓaci a wurinku."

"Haka ne."

"Ni kuwa ba zan raunata dabba da gangan don ka samu lokacin gudu ba. Ko sarauniya ce ke da cikin." Ya taka guntun tabar. Ya dubi barewar, ya dube ni. "Tana da ɗumi, Harry. Yanka ta yanzu, jini zai fito. Daga ni sai kai a dajin nan, ni kuma ba na hira."

Ba da mugunta ya faɗa ba, taimakona yake son yi. Kuma ba zan ɓoye ba, na durƙusa. Na juya ta ta fuskanci inda nake zaton gabas ne, na ɗora wuƙar Alhaji a maƙogwaronta. Na tuna hitar ɗakina. Na tuna benci mai sanyi na tashar tube. Na ce a raina ai daƙiƙa nawa ne tsakani, Allah ma ya ga na yi gudu. Gashin wuyanta ya fara rabuwa a ƙarƙashin kaifin.

Sai na ga Hajiya Fati a idona, zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, tana cewa bismillah tana kai loma baki, ta yarda da ni. In wani abu ya sami cikin nan bayan haka, ko ba naman ne sanadi ba, da wane ido zan dubi kaina? Na ɗage wuƙar. Na ji haushin kaina, na ji haushin Derek, na ji haushin barewar da ta kasa jira na ko na minti ɗaya.

Derek ya durƙusa a gefenta. Ya zaro tasa wuƙar ya farka cikinta don ya fitar da kayan ciki, kamar yadda suke yi tun a daji. A cikin abin da ya zubo akwai wata jaka mai ruwa, da ɗan tayi a ciki, bai fi tafin hannuna biyu ba, har da 'yan kofatansa. Ya ce a ƙarshen lokaci kusan dukkansu haka suke, shi ya sa doka take rufewa. Ya tura shi ƙarƙashin ƙaya da ƙafa. Na kau da kai.

A mota ya zuba mini shayi, ya ba ni burodi da cuku, ya ce in ci, ai ya riga ya tambayi maigidana abin da ba ma ci. Can ya ce, "In kai ka harba fa? Ka faɗi kalmominku ka harba da hannunka?"

"Ta halatta, ko ta mutu nan take."

"To ai shi ke nan. Zan iya ara maka bindigata muddin ina tsaye kusa da kai. Maigidanka ya ce kai babban maharbi ne a ƙasarku."

Na dubi kofin shayin. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. "Ban taɓa harba bindiga ba," na ce.

Na jira ya yi dariya. Bai yi ba. Sai ya ce, "Na gane tun da ka tsallake shingen nan. Sha shayinka."

Ya kai ni wani rami mai tudun ƙasa a baya, ya kafa kwali. Ya nuna mini yadda ake danna gindin bindiga a kafaɗa, yadda ake sauke numfashi, yadda ake matsa kunama a hankali ba fizga ba. Harbin farko madubi ya sare ni a gira, jini ya zubo ya daskare. Na biyu da na uku suka shiga kwalin. Ya ce ba laifi, amma kwali ba ya numfashi.

"Ga sharaɗi. In ka raunata ta, ni zan ƙarasa ta nan take, ba zan jira ka ba. Daga nan ta zama tawa. Harsashi ɗaya gare ka."

Da la'asar muka hau wata kujera da aka kafa a saman tsani jikin bishiya, mu biyu a matse. Ya ce harbin safe ya kore su, sai dab da faɗuwar rana za su fito, in ma za su fito. Muka zauna. Ba magana, ba motsi, ko hanci ba a ja. Da farko ƙafafuna suna ciwo, daga baya suka daina, wannan ya fi ba ni tsoro. Majina ta daskare a gashin bakina. Na yi ta karanta duk addu'ar da na sani a zuci, na roƙi Allah ya rufa mini asiri ko don matar nan. Rana ta yi ja a bayan bishiyoyi, ta fara nutsewa, filin yana nan wayam.

Har na fid da rai sai gwiwar Derek ta taɓa tawa. Guda ɗaya ce, ta fito daga cikin ƙaya ta hagu, tana taku tana tsayawa. Ya zame mini bindigar a hankali. Na cire safar hannu da haƙori. Yatsuna sun ƙi lanƙwasa, sai da na hura musu iska. Na sa ido a madubi, na neme ta na rasa, na sake nema, sai ga ta ta cika mini ido, har ina ganin tururin hancinta.

"Jira ta juya gefe," ya raɗa mini. "Jira. Jira. Yanzu."

Na ɗora layin saiti na cikin madubin a bayan kafaɗarta. Layin yana rawa, yana hawa yana sauka da bugun zuciyata. Ya sauka kan cikinta, na ga yadda ya yi nauyi ya zubo ƙasa. Na mai da shi kafaɗa. Na ce Bismillahi Allahu Akbar, na matsa.

Ƙanƙara ta tashi a gabanta, taku ɗaya daga ƙafarta. Ta yi tsalle da ƙafa huɗu a haɗe, ta shige daji. Har yau ban san ko sanyi ne, ko rashin iyawa, ko abin da na gani da safe ba.

Derek ya sauka da tocila ya duba wurin sosai. Ba jini, ba gashi. Ya dawo ya karɓi bindigarsa ya cire mata ƙarfen da ke tura harsashi. "Gara haka da rauni," ya ce. "An rufe, Harry. Sai Nuwamba."

Mun iso Tottenham ana shirin rufe shago. Barewar safe tana bayan mota a cikin leda. Kafin in fita ya kama hannuna ya ce har yanzu in na ce ni na yanka, shi bai ga komai ba. Na gode masa, na fita.

Alhaji yana goge katako. Ya dubi fuskata, ya dubi hannuna. Na ajiye masa wuƙarsa a kan teburi, ya warware tsumman, ya ga ba ɗigon jini.

"Ina nama?"

Na faɗa masa duka, a tsaye, ban tsallake komai ba. Gudun da na yi, da harsashin da ya wuce kaina, da wuƙar da na ɗora na ɗage. Na ce masa ban taɓa kashe ko zomo ba, labaran yayyena ne nake ba su. Na ce in ya yarda ya bar ni in kwana, da safe zan kwashe kayana.

Ya ajiye wuƙar. Ya wuce ni ya fita titi, na bi shi. Ya sa Derek ya buɗe bayan mota. Ya yaye ledar, ya danna cinyar da babban yatsa, ya shinshina, ya ɗaga kan ya duba wuyan, inda gashi ya rabu ba tare da fata ta tsage ba. Ya daɗe yana shafa wurin.

"Nan ka sa wuƙa?"

"Nan ne, Alhaji."

"Yana da zafi lokacin?"

"Da ɗuminta."

Ya saki kan a hankali. Ya juyo ya dube ni.

"Shekara talatin ina fawa," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa yadda ban taɓa ji ba. "Da ka yanka, wallahi ba zan gane ba. Da hannuna zan dafa in ba shi."

Ya rufe ledar, ya gaya wa Derek ya tafi da abinsa, ya gode. Muka tsaya a bakin shago har motar ta sha kwana. Ya ɗaga kai ya dubi tagar gidansa a tsallaken titi, inda Hajiya ke jira da fitila a kunne, ya ja dogon numfashi.

"Ni zan je in gaya mishi. Kai hau sama, ka sa ƙafanka a ruwan ɗumi, ba mai zafi ba. Ƙarfe biyar motan kaji zai zo, Haladu."

Ya tsallaka titi a hankali, ba komai a hannunsa. Ni kuma na hau matakalar da rarrafe, don ƙafafuna sun ƙi, na zauna a gaban hita da takalmin Derek a ƙafata, na yi kukan da ban yi ba tun da na zo ƙasar.